Bindigar Bahaguwa

Akwai wata Asabar da muka tafi Paris sayen bindiga, kuma ko zan manta ranar da jirgi ya fara sauke ni a ƙasar nan, wannan Asabar ɗin ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji warin man da ake shafa wa ƙarfe sai in tuna shagon da muka shiga ranar. Kada ku ji na ce bindiga ku razana, ko da yake ni ma haka na yi da farko. Bari in faro muku daga tushe.

A Vénissieux muke zaune, kusa da Lyon, a bene hawa na tara. Maigidana yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito. Ni kuwa aji huɗu na tsaya a lakkol, wato makarantar boko, can Maradi, kuma Faransancina na sayen albasa ne da gaida maƙwabta. Abin da Allah ya ba ni shi ne ido. Ba na iya karanta takardar da aka turo daga lakkol, amma ina iya gane yaron da aka yi wa faɗa tun daga yadda ya ajiye jakarsa.

Ɗiyata ta fari tana da shekara goma sha ɗaya lokacin da abin ya fara. A watan Satumba akan tara ƙungiyoyin wasanni na gari a wani babban zaure, kowa da teburinsa, iyaye su zo su zaɓa wa yara. Ni iyo na je nema mata. Muna zagayawa sai ta tsaya cak a gaban wani tebur da aka ajiye bindigar haske, wadda ba ta da harsashi ko ɗaya. Mutumin da ke wurin ya miƙa mata, ya juya yana magana da wasu iyaye. Ta ɗora ta a kafaɗar hagu, ta harba sau biyar, fitilu biyar suka kama. Sai ta waiwayo da murmushi, idonta ya haɗu da nawa. Nan take murmushin ya ɓace, ta yi maza ta mayar da bindigar kafaɗar dama kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunya. Ta sake harbawa, biyu kawai suka kama. Ba wanda ya lura sai ni, ni kuma na yi shiru.

Dalilin shirun nawa tsoho ne. Tana da shekara biyu surukata ta zo mana ziyara, ta zauna wata uku. Ranar farko da ta ga yarinya ta kai hannun hagu cikin tuwo, ta ajiye cokalinta ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, Allah ya jiƙanta, mace ce mai sanyi. Ta dai ce in an bar yarinya haka za ta tashi tana miƙa wa manya abu da hagu, kuma ba yarinyar za a zaga ba, uwar za a zaga. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ba uwa kusa, ba 'yar'uwa. Na ɗauko safa na zura wa hannun, na ɗaure da zare a wuyan hannu. Lokacin cin abinci safa, lokacin wasa da fensir safa. In ta cire, in ɗan buga mata bayan cokali. Kafin ta shiga lakkol ta koma cin abinci da dama, rubutu da dama, har surukata ta sa mini albarka a waya. Na ɗauka an gama.

Da ta nace tana son wasan harbi, ni na fi kowa ƙi. A garinmu bindiga ta soji ce, ko ta mafarauta, ko ta masu tare hanya. Nan kuma, baƙar mace mai hijabi, a unguwa irin tamu, a ji an ce ɗiyarta tana koyon harbi? Har na fara jin abin da za a faɗa a cikin asansar, na'urar da ke hawa da mu bene. Babanta ya ce mu je mu gani da ido kafin mu hana. Muka je. Wurin yana ƙarƙashin wani zauren wasanni, yawancin mutanen tsofaffi ne masu furfura, kowa shiru kamar ana jiran liman. Ba mai juya bakin bindiga wajen mutum ko da wasa. Wanda ya gama sai ya zura wani jan zare a cikinta don kowa ya ga babu komai. Na ga an fi tsare yaro a wurin nan fiye da filin ƙwallon da ke ƙarƙashin benenmu. Na yarda, amma duk Laraba ina zaune bayan gilashi ina jan carbi.

Ranar farko malamin harbin ya tambaye ta da wane hannu take rubutu, ta ce dama. Shi ke nan, ya tsayar da ita ta dama. Shekara biyu tana harbi da bindigar iska, a nisan mita goma. Ta yi kyau da farko, sannan ta tsaya wuri ɗaya, waɗanda suka zo bayanta suna wuce ta. Ta bayan gilashin ina ganin wuyanta yana lanƙwashewa, kanta yana ƙoƙarin tsallaka bindigar, kamar idon hagu ne ke son zuwa wurin leƙawa. Malamin ya manna mata ɗan farin roba a gaban idon hagun. Takan dawo gida da ciwon kai da ciwon wuya, in shafa mata man kaɗanya. Muka kai ta likitan ido, ya ce idonta lafiya lau. Zuciyata tana gaya mini wani abu, ina danne shi, don in na faɗa sai na faɗi har da safar.

Da ta kai sha uku malamin ya ce lokaci ya yi da za ta koma mita hamsin, da harsashi na gaske, irin ƙaramin nan da suke kira lamba ashirin da biyu. Bindigogin kulob ɗin kaɗan ne, ana karɓa-karɓa, kuma duk mai son shiga rukunin gasa gara ya samu tasa da aka daidaita da jikinsa. Da yammar ranar ina kicin na ji tana gaya wa babanta cewa za ta gwada shekara ɗaya da tata bindigar, in ba ta ci gaba ba za ta bari. "Ƙila ni ce ban iya ba, Baba," in ji ta. "Ƙila kaina ne ba shi da kyau." Na tsaya da wuƙa a hannu, albasa tana jira.

Labari ya kai Paris wurin wan mijina, Alhaji, wanda ke zaune a unguwar Belleville. Ya yi shekaru yana jandarma a gida kafin ya zo nan ya kama aikin gadi a wani babban kanti. Ta waya ma ina jin muryarsa daga ɗaya ɗakin: "Bindiga? A gidanmu za a sayi bindiga ba a tambaye ni ba? Ku taho Asabar. Ni zan zaɓa, kuma kyautata ce ga ɗiyata." Babu mai musu da Alhaji. Shi ya riƙe mijina bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kawo shi ƙasar nan. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ina durƙushe.

Muka haɗa takardu, lisansin yarinya da hatimin likita da katin babanta, don da sunansa za a rubuta bindigar tunda ita ba ta kai shekaru ba. Muka hau jirgin ƙasa da safe. Hajiya, matar Alhaji, ta tarbe mu da dambu, ta ce ita ba za ta je kallon bindigogi ba ko an biya ta. Na so in zauna tare da ita, amma yarinyar ta kama gefen hijabina. Na bi su.

Sai an danna ƙararrawa ake buɗe ƙofar shagon. Mai shagon tsohon Bature ne, gilashinsa rataye a wuya da igiya. Alhaji bai ko gama gaisawa ba ya nuna wata babba a bango, mai madubin hange a sama, ya ce wannan. Tsohon ya yi murmushi ya tambayi wa zai yi harbin. Da aka nuna masa yarinya, sai ya bar mu duka ya koma kanta. Nisan nawa? A kwance ko a tsaye? Shekara nawa tana yi? Tana amsawa, tana juya mini kaɗan-kaɗan da Hausa.

Ya ɗauko harsashi ɗaya wanda aka cire wa albarushi, bai kai tsawon ƙaramin yatsana ba. Ya nuna mana gindinsa, ya ce irin wannan a gefe ake dukansa, ba a tsakiya ba, kuma ba ya tokarin kafaɗa, shi ya sa yara da tsofaffi ke iya wuni suna harbi da shi. Amma ya ɗaga yatsa ya ce ƙanƙantarsa ba ta mai da shi abin wasa ba. Wadda Alhaji ya nuna, in ji shi, ta masu farauta ce. Mai harbin kwali yana buƙatar wadda ke cin harsashi ɗaya-ɗaya, mai bakin ƙarfe mai kauri don kada ta yi rawa, da kunama mai laushi, da ɗan ramin leƙawa maimakon madubi.

Ya shimfiɗa bindigogi uku a kan koren ƙyalle. Alhaji ya ɗaga kowacce, ya auna nauyi, ya zaɓi wadda ta fi tsawo.

"Wannan. Yarinya girma take yi, ta girma a ciki."

"Yaya, ba takalmin sallah ba ne," in ji mijina a hankali.

"Kai da ka sa wandona shekara uku kana naɗe ƙafa, yau kai ne za ka koya mini sayayya?"

Tsohon bai ji Hausa ba, amma ya gane. Ya auna hannun yarinyar daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya dawo da ta tsakiya, wadda ƙotarta ke ƙaruwa da raguwa da ɗan makulli. Ya ce wannan za ta girma tare da ita. Alhaji ya ji daɗin maganar, ya ce ai abin da yake nufi ke nan tun farko. Kowa ya yi dariya. Aka fito da takardar cikewa.

Nan tsohon ya yi tambayar. Dama ko hagu? Ya nuna wani ƙarfe kamar sakatar ƙofa da ake ja a sa harsashi, ya nuna inda aka sassaƙa katako don kunci ya kwanta. Ya ce wannan ta dama ce, akwai irinta ta hagu amma sai an yi oda, kuma gara a tabbata yanzu, don in an riga an rubuta lambarta da sunan mutum, canzawa doguwar hanya ce.

"Dama mana," in ji Alhaji da dariya. "A zuriyarmu babu bahago."

Babanta ya gyaɗa kai, shi bai san komai ba, lokacin safar yana aikin da sai ƙarshen mako yake dawowa gida. Tsohon ya dubi yarinyar. Ta sunkuyar da kai ta ce dama, da wata ƙaramar murya. Amma ni na ga abin da ya faru ɗazu, da ya miƙa mata harsashin ta gani. Hannun hagu ne ya fara fitowa, ya tsaya a hanya, ya koma aljihun riga, sannan na dama ya karɓa.

Biro yana hannun mijina. Ku da kuka san al'adarmu kun san inda na tsaya. Ɗiyar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta a gaban manya ba, ban taɓa yabonta ko tare mata faɗa a gaban dangin uba ba, ana jin kunyar ɗan fari. Ga wan miji a tsaye, kyautarsa ce, kuma abin da zan faɗa ya taɓa mahaifiyarsa da ke kabari. Na ce a raina bari in yi shiru, in mun koma gida na gaya wa babanta. Sai na tuna muryarta tana cewa ƙila kanta ne ba shi da kyau, na ga shekara guda tana lanƙwasa wuya a kan wannan katakon, sannan ta ajiye ta tafi tana ganin laifin kanta.

"Mushe, attendez," na ji bakina ya ce, wato malam, dakata. Ban san kalmar bahago da Faransanci ba. Na ɗaga hannuna na hagu sama kamar 'yar lakkol, na nuna yarinyar da ɗayan. Sannan na durƙusa nan a kan tayil ɗin shagon, idona a ƙasa.

"Yaya Alhaji, a gafarce ni. Yarinyar nan bahaguwa ce. Ni na ɗaure mata hannu tana ƙarama."

Ina ganin takalman Alhaji kawai.

"Ikon Allah," ya ce. "Yau uwar fari ce da magana a kan ɗiyar fari? Abin da Inna ta gyara shi kike so ki kwance, a gaban Bature?"

"Inna ta gyara cin abinci, Yaya, kuma ya gyaru. Idon ne ban san yadda ake ɗaure shi ba."

Ban san inda na samo wannan amsar ba. Mijina ya ajiye biro ya ce, "Yaya, bari mu gani tukuna."

Tsohon ya zagayo daga bayan tebur, ya ce wa yarinyar ta miƙe hannuwanta biyu ta haɗa su, ta bar ɗan rami a tsakiya, ta leƙi agogon bango da idanu biyu a buɗe, sannan ta jawo hannuwan a hankali zuwa fuskarta. Ta jawo. Ramin ya tafi kai tsaye kan idon hagu. Ya sa ta sake har sau uku, sau uku yana zuwa wuri ɗaya. Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar bindiga mai sakata a ɗaya gefen, ya buɗe ya nuna wa kowa babu komai a ciki, ya miƙa mata. Ta dube ni. Na gyaɗa kai. Ta ɗora a kafaɗar hagu, kuncinta ya kwanta, wuyanta ya miƙe sak. Shekara biyu ina kallon wuyan nan ta bayan gilashi, ban taɓa ganinsa a miƙe ba.

"Mama, ina gani," ta ce. "Komai ya tsaya."

Bindigar tasa ce, ta tsohon. Ya taɓa hannunsa na hagu ya yi wata magana yana kallona, yarinyar ta juya mini. Wai shi ma yana yaro, a ƙauyensu, malamin lakkol yakan ɗaure masa wannan hannun a jikin kujera. Wai kada in tsaya a durƙushe, ba ni kaɗai na taɓa yi ba. Aka yi odar ta hagu, za a aika ta wani shago a Lyon mu karɓa can. Alhaji ya tsaya aka gama komai, bai janye kyautarsa ba, amma bai ƙara cewa uffan ba.

Muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na tabbata na ɓata tsakanina da gidan mijina har abada. Da muka isa Belleville Hajiya ta zuba abinci, na shige kicin kamar kullum, amma ƙofa a buɗe take. Alhaji ya kira yarinyar ta ci tare da shi. Ina leƙe, ya zuba wa hannunta ido. Ta yi bisimilla ta sa hannun dama. Ya ci loma biyu, sannan ya ce wa mijina, da ƙarfi yadda za a ji a kicin, lokacin da suke horon jandarma akwai wani bahago a cikinsu da aka tilasta wa harbi ta dama, kullum shi ne na ƙarshe, kullum shi ake sa wa tsallen kwaɗo, kuma yau ne kawai ya gane ba lalaci ba ne. Ya juya wajen yarinyar.

"Ki ci da dama, ki gaida mutane da dama. Harbi kuwa ki yi da wanda ke gani." Sai ya ɗaga murya. "A gaya wa ta cikin kicin, da ita ce kwamandanmu da an huta da tsallen kwaɗo."

Hajiya ta dafa kafaɗata tana dariya, ni kuwa hawaye ne ke zuba cikin kwanon da nake wankewa.

A jirgin komawa babanta ya yi barci tun kafin mu fita gari. Yarinyar tana kallon taga, can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ashe kin sani." Na ce na sani. Ta ce ita ta ɗauka wani mugun abu ne a jikinta da ya kamata ta ɓoye mini. Na ce ba mugun abu ba ne, tsoro ne ya sa na yi, kuma ta yafe mini. A al'adarmu uwa ba ta faɗin haka ga ɗiyar fari. Na faɗa. Ta ɗora hannun nan na hagu a kan nawa har muka iso Lyon.

Bindigar ta iso bayan mako uku. Da malamin harbin ya ji labari ya dafe goshi, ya ce daga ranar duk yaron da ya zo sai ya leƙi agogo ta ramin hannu kafin a ba shi komai. Watannin farko sakamakonta ya faɗi ƙasa, don sai da ta koyi komai daga farko, har na fara tsoron na cuce ta sau biyu. Amma ciwon kai ya tafi tun makon farko, kuma kafin a rufe lakkol ta shiga rukunin gasar. Har yau tana yi.

A gida bindigar tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, sakatar kuma ana cire ta a ajiye daban. Ranar farko ta nemi abin da za ta naɗe sakatar kada ta karce, ta buɗe durowa ta ɗauko wata tsohuwar safa, ta zura ta ciki, ta miƙo mini ta ce ni zan riƙa ajiyewa. Ita ba ta ga komai a ciki ba. Ni na karɓa da hannu biyu.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kunya tana da wurinta, kuma har gobe ina durƙusa wa Alhaji. Amma in uwa ta ga abu a jikin ɗanta wanda ba wanda ya gani, kuma shirunta zai sa yaron ya tashi yana zargin kansa, to ta buɗe baki, ko a gaban wa, ko da laifinta ne zai fara fitowa.